Baban Manu

"Masta, keke!"

Tetteh ya fisgo hannun rigar Amankwa. Wata tsohuwa ta wuce su fuu a kan keke tana kaɗa ƙararrawa, ta jefo musu wata kalma da ba ta bukatar tafinta. Amankwa ya ja baya, ya gyara riƙon jakar da ke hannunsa.

"Mako uku, har yau ba ka gane jar hanya ta masu keke ce ba?" in ji Tetteh. "Shekara talatin kana kwance injin da ya kai ɗaki girma, bai kashe ka ba, sai tsohuwa da keke? Me zan je in ce wa Anti Afrakoma?"

"Ka ce mata surutunka ne ya kashe ni."

Su bakwai ne kamfaninsu na famfo da rijiyar burtsatse ya turo daga Kumasi zuwa Holland, su koyi aikin sababbin injinan tura ruwa. Amankwa ne babban makanike, kowa Masta yake kiransa. Saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma wannan ce shigarsa jirgin sama ta farko. An sauke su a wani masauki a gefen Rotterdam, inda karin kumallo kullum burodi ne da cuku mai sanyi kamar an ɗauko daga rijiya. Tun kwana na huɗu Tetteh, abokin ɗakinsa, ya fara dafa musu shinkafa a butar shayi ta lantarki, suna ci da murfin roba. Da safe mota ta kai su masana'anta, wani yaro da bai kai ɗan Amankwa ba ya yi ta nuna musu allo. Kafin su fito gari ya yi duhu, ko biyar ba ta yi ba.

Yau Asabar ta ƙarshe, ranar da aka ware musu don ganin Amsterdam. Jibi za su koma gida.

Madam Dufie, jami'ar kula da ma'aikata, tana gaba da lema a ɗage kamar mai jan ragamar 'yan makaranta. A jakar da ta rataya a ƙirji, ƙarƙashin rigar sanyi, fasfo bakwai ne. Tun a filin jirgi ta karɓe su. Shekara biyu da suka wuce kamfanin ya tura mutane Jamus, biyu suka shiga banɗaki a tashar jirgin ƙasa, har yau ba su fito ba.

Suka shiga wani dogon kwale-kwale mai rufin gilashi. Wata murya daga lasifika ta yi ta ba da labarin gidaje: wannan na attajirin kaza ne, wancan shi ne mafi ƙanƙanta a birnin, ga wanda ya karkace. Abokan aikin Amankwa suka yi ta ɗaukar hoto, suna karɓar hular sanyin juna don kada a gida a ga kaya ɗaya. Amankwa ya dubi alamar ruwa a jikin bango, ya ga ba ta hawa ba ta sauka, ya ce a ransa akwai wani makanike mai kula da ruwan nan a wani ɗaki da ba a sa shi a lasifika ba. Daga nan hankalinsa ya koma kan waya.

Shekara shida ke nan da ɗansa Ofosu ya zo ƙasar nan. Gonar koko da Amankwa ya gada a Konongo ita ta yi masa hanya. Duk wata yana kira, fuska fes, bayansa farin bango. Ya ce yana aiki a kamfanin jigilar kaya, har an ba shi kula da wani sashe. Amankwa bai ɓoye wannan ga kowa ba. A wurin aiki babu wanda bai ji labarin "yarona manaja" ba, Tetteh ma har ya haddace.

Amma tun da suka sauka, Ofosu yake ɗagawa. Asabar ta farko aiki ya yi yawa. Ta biyu mura ta kama shi. Sai daren jiya ya turo sunan wani titi da lambar gida, ya rubuta a ƙasa: "Ƙarfe uku, Baba. Ka tsaya a lungun baya ka kira ni. Kada ka shiga ta gaba."

Amankwa ya karanta saƙon nan ya fi sau goma. Bai nuna wa Tetteh layin ƙarshe ba.

Da suka fito daga kwale-kwalen aka tsaya cin soyayyen dankali a tsaye, cikin yayyafi. Amankwa ya matsa kusa da Madam Dufie.

"Madam, ina neman awa ɗaya."

Ta daina tauna. "Masta, mun yi maganar nan."

"Mun yi. Yau ne kawai ya rage."

"Shi ya zo nan mana. Ba manaja ba ne? Ya zo mu ma mu gaisa."

"Yana bakin aiki."

"Ba wai ban yarda da kai ba ne, Masta. Amma idan na bar ka, gobe Asare zai ce yana da gwaggo a Belgium."

"Fasfona yana jikinki, 'yata. Da me zan gudu? Da wannan gwiwar?"

"Na waɗanda suka gudu a Jamus ma yana cikin durowata a ofis."

Ya dube ta. Ranar da ta zo neman aiki shi ya nuna mata ofishin manaja, tana riƙe da takardunta da hannu biyu. Ita ma ta tuna, don ta sauke ido ta kalli dankalinta.

"Awa ɗaya," ta ce. "Tetteh ya raka ka. Huɗu da kwata mota za ta tashi daga gaban tasha. Don Allah, Masta, kada ka sa ni kuka a ƙasar mutane."

Tetteh ya share hannu a wando. "An ba ni gadin fursuna. Masta, in za ka gudu ka gaya mini da wuri, in ɗaure takalmi."

Wayar Tetteh ce ta ja su, gada bayan gada. Jakar ta yi wa Amankwa nauyi, yana sauya hannu. A ciki akwai kwalbar shito, soyayyen yajin nan da matarsa Afrakoma ta yini biyu tana haɗawa, da kyafaffen kifi a naɗe cikin jarida da leda uku, da garin rogo. Mako uku yana ajiye da su a bakin tagar masauki ta waje, inda sanyi ya fi na firiji.

Lambar da aka ba shi ba ta ofis ba ce. Gidan abinci ne ƙarami, da fitilu masu ruwan zuma, mutane a ciki suna shan shayi. Tetteh ya dubi allon, ya dubi wayarsa.

"To, manaja zai ciyar da mu ke nan. Ni nama zan ce, kada wanda ya kawo mini ganye."

"Ta baya za mu bi," in ji Amankwa.

Lungun bai fi faɗin mutum biyu ba. Manyan kwandunan shara uku, da akwatunan kwalabe a jere. Ya kira. Ba a ɗauka ba, sai wata ƙofar ƙarfe ta buɗe, tururi ya fito, Ofosu ya biyo bayansa.

Farar riga ce a jikinsa, da gyauton roba tun daga ƙirji har gwiwa, da takalmin roba. Ya rame a wuya. Ya tsaya taku biyu daga ubansa, hannuwansa a sake suna ɗigar ruwa.

"Baba."

Amankwa ya ajiye jakar a ƙasa ya rungume shi, gyauton ya jiƙa masa gaban riga. Yaron yana warin sabulu da tsohon mai. Da suka saki juna ya kama hannuwansa ya juya su. Fatar yatsun ta yi fari ta tsattsage, kamar ta matan da ke wanki a rafi.

"Wannan ne sashen da aka ba ka?"

Ofosu ya dubi Tetteh.

"Abokin aikina ne," in ji Amankwa. "An haɗo ni da shi kada in gudu."

Tetteh ya miƙa hannu. "Sannu, ƙanena. Mun sha jin labarinka." Da ya ji yadda maganar ta fita, sai ya koma jikin bango ya shiga duba wayarsa.

Amankwa ya ɗauki jakar ya miƙa. "Uwarka ta ce kada ka raba shiton da kowa."

Ofosu ya buɗe, ya sa fuska a ciki ya shaƙa. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago idanunsa sun yi ja.

"Yaya take? Ƙafar?"

"Tana nan. Ta sa hotonka a falo, mai baƙar kwat."

"Ta wani ce kwat ɗin."

"Na gane yanzu."

"Baba, minti goma aka ba ni. Akwai abin da dole in faɗa maka kafin wani ya fito." Ya waiga ƙofar. "A nan ba Ofosu ba ne ni. Manu suke kirana. Emmanuel Darko."

"Wane ne Darko?"

"Wani mutumin Mampong, yana da takardun zama. Ni nawa sun ƙare tun shekarar farko. Da nasa nake aiki. Hoton ba ya nuna sosai, kuma su duk ɗaya suke ganinmu."

"Shekara biyar kana amsa sunan wani."

"Kowa haka yake yi, Baba."

"Ban haifi kowa ba."

Wani keke ya wuce ta bakin lungun. Ofosu ya goge hannu a jikin gyauton, ko da yake gyauton ya fi hannun jiƙa.

"Akwai saura," ya ce. "Bara baban Darko ya rasu. Ya tafi gida jana'iza, mako uku. Ba zai yiwu takarda tana Ghana ni kuma ina nan ina wanke kwano da ita ba. Dole na ce musu ni ne zan tafi." Ya sake waiga ƙofar. "Na ce babana ya rasu."

Amankwa ya ji maganar ta shige shi a hankali, kamar ruwan sanyi a cikin takalmi.

"Ina ka je?"

"Ɗaki. Na kulle kaina mako uku, ko taga ban buɗe ba, kada wani ɗan wurin nan ya gan ni."

"Wane wata?"

"Oktoba."

Amankwa ya tuna. A watan ne Ofosu ya riƙa kira kullum, wani lokaci sau biyu a rana, yana tambayar hawan jininsa, yana tambayar ko yana shan magani. Afrakoma har ta je coci ta yi godiya, ta ce yaro ya yi hankali.

"Ashe zaman makokina kake yi kana kirana."

"Ba naka ba, Baba. Na baban Darko."

"Ka san shi?"

"A'a."

"To wa ka gani a idonka da kake gaya musu?"

Tetteh ya daina taɓa wayar, amma bai ɗago ba.

"Matar da ke da wurin nan tana da kirki," in ji Ofosu da sauri, murya ƙasa-ƙasa. "Ba ta san komai ba. In ta sani dole ta kore ni, don ita ma hukuma za ta kama ta. In na rasa nan, Darko zai ba wa wani takardar, akwai masu jira. Shi ya sa nake ta ɗagawa. Ba don ba na son ganinka ba. Na rasa yadda zan nuna ka ne."

"Da ka zo masaukinmu."

"In zo gaban mutanenka da wannan hannun? Kai da ka gaya wa duk Kumasi manaja ne ni?"

"Kai ka gaya mini."

"Kai ka tambaya, Baba. Duk kira, 'An ƙara maka girma?' Gona ka sayar. Me zan ce?"

Ƙofar ƙarfen ta buɗe. Wata farar mace ta fito da kwandon kwalabe a kwankwaso, gajeriya mai kauri, gashinta fari tas, tabarau a rataye a wuya. Ta gan su ta tsaya.

"Manu! Baƙi ka yi, ka bar su a shara cikin ruwan nan?" ta ce da Turanci. Ta sa tabarau ta dubi Amankwa, ta dubi Ofosu. "Kai, wannan ai jininka ne. Goshinku ɗaya."

"Madam Anneke," in ji Ofosu, "wannan kawuna ne. Yayan mahaifiyata. Aiki ya kawo shi."

Bai dubi ubansa ba da ya faɗa. Sai da ya gama ya juyo, ya ƙara da harshensu, a hankali: "Ai a wajenmu kawu ma ya fi uba."

Matar ta ajiye kwandon ta miƙo hannu. Amankwa ya dubi hannun. Kalma ɗaya ce a bakinsa, ya san Turancinta, ba ta da wuyar faɗa. Ya ga jijiyar wuyan ɗansa tana harbawa.

Ya karɓi hannun. "Kawunsa ne," ya ce.

Ba ta yarda sun tafi ba. Ta tura su ta cikin kicin, ta gaban tulin tukwane da wani kwami mai zurfi inda famfo yake zuba, ta zaunar da su a tebur kusa da abin ɗumama ɗaki. Ta ce wa Manu ya kawo shayi da wainar tuffa. Ofosu ya cire gyauto, ya kawo a faranti, ya ajiye wa ubansa kofi da hannu biyu. Ya tsaya a gefe riƙe da farantin a ƙirji.

Madam Anneke ta ja kujera ta zauna. Ta tambaye su aikinsu, ta yi dariya da ta ji famfo suka zo koyo, ta ce in ba don famfo ba da yanzu kifi ne ke zaune a teburin nan. Ta tambaya ko sun shiga kwale-kwale, ko sun ga gidan da ya karkace. Tetteh, wanda ba a taɓa rasa magana a bakinsa ba, yana amsawa da i da a'a.

"Shekara huɗu yana wurina," ta ce, tana nuna Ofosu da haɓa. "Bai taɓa makara ba. Sau biyu na ce zan tura shi makarantar girki, ya ƙi. Ka yi masa magana, kai zai ji taka."

"Zan yi masa."

Sai ta ɗora hannunta a kan nasa. "Ban yi maka ta'aziyya ba. Mijin ƙanwarka."

Amankwa ya sunkuyar da kai, kamar yadda ake yi.

"Da ya dawo daga jana'izar ban gane shi ba. Ya zube. Wata rana na shiga kicin na same shi a bakin kwami, ruwa yana ta zuba, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Na ce ya tafi gida, ya ce a'a, aiki ya fi masa. Ya ce shekara biyar bai ga babansa ba, kuma abin da ya faɗa masa na ƙarshe ba gaskiya ba ne." Ta girgiza kai. "Ban tambaye shi mene ne ba. Wane irin mutum ne marigayin? Shi ba ya magana a kansa."

Ofosu yana kallon allon farashi a bango.

"Makanike ne," in ji Amankwa. Ya juya cokali a cikin shayin da bai sa wa sukari ba. "Ya iya aikinsa. Yana da son a yabe shi a gaban mutane. Ya cika tambaya."

"Duk haka suke," ta ce tana murmushi. "Nawa ma haka yake. A wata ɗaya suka rasu da baban Manu, shi ya sa abin ya zauna mini." Ta laluba aljihun rigarta ta fito da ƙaramin littafin rubuta odar abinci da biro. "Gobe a cocinmu ranar tunawa da matattu ce. Bara na kunna kyandir biyu, ɗaya na babana, ɗaya na nasa, amma ana karanta sunaye, ni kuwa ba ni da sunan da zan bayar. Na ji nauyin tambayarsa a lokacin. Darko na sani. Sunansa na farko fa?"

Ta ɗago tana duban Ofosu. Ofosu ya dubi ubansa. A fuskarsa Amankwa ya karanta cewa yaron bai taɓa tambayar sunan mutumin da ya binne ba.

Tetteh ya ɗauki kofinsa ya mayar bai sha ba.

"Kwajo," in ji Amankwa.

Sunansa ne shi kansa, na rana, don ran Litinin aka haife shi. Tun rasuwar uwarsa babu mai kiransa da shi.

Ofosu ya ajiye farantin a kan tebur na kusa, ya juya ya shige kicin. Can aka ji an buɗe famfo har ƙarshe.

"Ka gani?" in ji Madam Anneke a hankali. "Har yanzu ba ya iya jin sunan." Ta danna biro. "Kwa-yo?"

"Kwajo."

"Kwa-sho."

"A'a, Madam. Jo. Kwajo."

Ta cire tabarau, ta dubi bakinsa, ta sake gwadawa. A karo na uku ta faɗe shi daidai, da jan ƙarshen nan yadda uwarsa take yi in tana kiransa daga bayan gida, har ya kusa amsawa.